Sangaya da Kakar da Muka Baro a Gida

Duk wanda ya yi zamanin kaset ɗin bidiyo ba sai an gabatar masa da Sangaya ba. Fim ɗin Sarauniya Films ne, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu ya fito ɗan sarki, Fati Muhammad kuma Zubaina, 'yar aikin gidan sarauta da zuciyarsa ta kama. Kwanan nan muka sake kallonsa a waya, kuma wallahi har yanzu yana da daɗi. Kunyar da ke idon Fati gaskiya ce, ba irin ta yanzu da ake ƙaƙalowa ba. Waƙar kuwa, har mai shayin unguwarmu ya san ta.

Amma da muka kalle shi da idon iyaye, sai muka ga abin da ya ɓace mana a da. Soyayyar Zubaina a waƙa take zaune. Fargabar yarinya da ta fara son namiji, rasa wanda za ta faɗa wa, ruɗanin da ke hana ta barci, duk an naɗe su cikin kiɗa da rawa. Shi ma Mansoor na 2017, da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya ɗora soyayyar 'yan makaranta a wannan turba, sai dai kyamara ta fi kyau.

Faransawa suna da wani tsohon fim na 1980, La Boum, na Claude Pinoteau. Sophie Marceau ta fito a Vic, 'yar shekara 13 da ta fara son wani yaro daidai lokacin da auren iyayenta ke tangal-tangal. Ba mu ce a kwaikwayi shagalinsu ba, a'a, akwai abubuwa a ciki da ba za mu bari 'ya'yanmu su gani ba. Abin da ya tsaya mana shi ne Poupette, tsohuwar da ta haifi kakan Vic. Ita yarinyar ke gudu wurinta, ta tsokane ta, su yi dariya, sannan a tsakiyar wasa ta sa mata magana mai nauyi.

To ai wannan tamu ce! Wasan kaka da jika namu ne tun fil azal. Abin da yarinya ba za ta iya furtawa gaban uwa ba saboda alkunya, kaka take faɗa wa, tana “kishiyata” tana mata tsiya. Amma marubutan Kannywood sun fi son dattijo ya zama mai hana aure ko mai tilasta shi.

A nan Idu abin ya fi ciwo. Yawancinmu neman abinci ya kawo mu Abuja, kakanni suna can Kano, Katsina, Zariya. Jirgin ƙasa na tashi daga tasharmu zuwa Rigasa, amma sai Sallah yara ke ganin tsohuwa. Uba yana kamfani, uwa tana kasuwar Karmo, yarinya 'yar 14 kuma tana ɗaki da TikTok, shi ke ba ta shawarar da kaka ya kamata ta bayar.

Muna jiran fim ɗin da zai nuna irin wannan yarinyar, da tsohuwar da za ta kira ta a waya da daddare ta ce, “Ke kishiyata, wane ne wannan yaron da na ji labari?”