Ko a Zuba Duka, Ko a Ajiye Kati

A wasan foka irin na Texas Hold'em, wanda ke zaune hagun mai babban kuɗin dole shi ke fara magana a zagayen farko. A teburin mutum tara, takwas ne ke kasa kunne su ji abin da zai ce, shi kuwa bai ji ta bakin kowa ba. A wannan kujerar ce wasu 'yan wasa suka mayar da foka zaɓi biyu tak: ko a tura ƙwandaloli gaba ɗaya tsakiyar tebur, ko a kifa kati a naɗe hannu.

Dabarar ba ta yau ba ce. David Sklansky ya kawo irinta a littafinsa na wasan gasa a 2002, kuma domin wanda bai iya wasa ba ya tsara ta, abin da masu yin ta yanzu ba sa son a tuna musu. Da Chris Moneymaker ya lashe dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003, sababbin shiga suka yi ca a intanet. A 2005 Blair Rodman da Lee Nelson suka fitar da littafin Kill Phil, don ɗan koyo ya hana gwani sakat. Daga baya aka samu jadawalai masu sunan John Nash, kowane hannu cikin 169 da ake iya farawa da su an rubuta masa hukuncinsa. Sai hadda ta kori tunani.

Lissafin kansa ba ya goyon bayan mai kujerar farko. A ɗauka cewa kashi 5 cikin ɗari na hannaye ne kawai za su amsa masa. Idan mutum biyu suka rage a bayansa, kusan sau ɗaya cikin goma zai ci karo da irin wannan hannu. Idan takwas ne, sau ɗaya cikin uku. Kuma wanda ya amsa ba da tarkace yake amsawa ba.

Gaskiya ɗaya ce, idan ƙwandalolin mutum sun ragu zuwa ninki goma na babban kuɗin dole, babu laifi ya zuba duka. Kuɗin dolen na kansa a rabo na gaba, ƙaramin ƙari kuma ba ya korar kowa. Nan kam jadawalin ya yi rana.

Abin haushin shi ne mai ninki arba'in da ke yin haka. Ya jefa arba'in cikin haɗari don ya kwashi ɗaya da rabi na kuɗin dole! In kuwa As biyu ne a hannunsa, waɗanda sai kusan sau ɗaya cikin rabo 221 suke zuwa, ya kori masu sayen da ya daɗe yana jira, kamar mai tallar da ya fara da zagin kasuwa. Raunana su gudu, ƙarfafa su tsaya.

Wasan ma ya tashi daga wasa. Kati biyar ake buɗewa a tsakiya, da zagaye uku na zubi bayan na farko, kuma a nan ake karantar mutum, a yi masa burga, a gane tasa. Mai zuba duka ya tsallake wannan gaba ɗaya, ya miƙe tsaye yana kallon mai rabo yana buɗe kati, sannan in ya ci ya ce ƙwarewa ce.