Waƙar Masu Jin Kunya: Belle and Sebastian da Al'adar Indie Pop a Glasgow

A watan Agustan 1996 ƙungiyar Oasis ta tara mutum kusan 250,000 cikin dare biyu a filin Knebworth na Ingila. Lokacin ne ganiyar tashen kiɗan da 'yan jarida suka laƙaba wa suna Britpop: samari masu buɗa ƙirji, jita mai tsawa, da cika baki gaban kyamara. Wata biyu kafin nan, a birnin Glasgow na Sikotland, wasu ɗaliban kwaleji sun buga faifan garmaho 1,000 kacal na wata ƙungiya da ba wanda ya san fuskokin 'ya'yanta. Kundin shi ne Tigermilk, ƙungiyar kuwa Belle and Sebastian, sunan da suka aro daga labarin yara na Cécile Aubry ta Faransa, labarin wani yaro da karyarsa. Mai rera waƙoƙin, Stuart Murdoch, yana fitar da murya kamar mai tsoron tada na barci a ɗakin kusa.

Ba daga sama suka faɗo ba. Kiɗan da ake kira indie pop ya soma ne a matsayin hanyar kasuwanci, daga baya ya zama salo. A 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta ci bashi wurin dangi da abokai ta buga faifanta da kanta, ba tare da jiran manyan kamfanonin Landan ba. Shagon Rough Trade na Geoff Travis ya zama kamfanin faifai a 1978, ya kuma haɗa kan ƙananan shaguna suka riƙa rarraba hajar juna. A Glasgow, Alan Horne ya tafiyar da kamfanin Postcard daga cikin ɗakin hayarsa, ya fito da Orange Juice, waɗanda suka riƙe ɗabi'ar "yi da kanka" ta 'yan punk amma suka yar da zafin kai da nuna ƙwanji, suka koma ga karin waƙa mai daɗi. Kaset ɗin C86 da mujallar NME ta fitar a 1986 ya tattaro irin waɗannan ƙungiyoyi wuri guda. Kamfanin Sarah na Bristol, wanda Clare Wadd da Matt Haynes suka kafa a 1987, ya kai abin ƙarshe: faifai masu araha, mata a sahun gaba, da ya kai fitarwa ta 100 a 1995 sai suka rufe shago da gangan.

Daga nan aka sami wasu dokoki da ba a rubuta ba. Kada ka nuna gwaninta. Kada ka tsaya kana jan jita minti uku don a tafa maka. Ka yi waƙa da harshen unguwarku, kada ka ari na Amurkawa. Mai kallo ya ji cewa shi ma zai iya hawa dandalin gobe. Babban zunubi kuwa shi ne sa hannu a takardar babban kamfani. Masu wannan al'ada suna alfahari da cewa ba su dogara da kowa ba, kuma a nan ne nake ganin tarihin Belle and Sebastian ya tona wani asiri, domin duk wani tsani da suka taka a farko, akwai wanda ya biya kuɗinsa.

Murdoch ya shafe kusan shekara bakwai yana fama da ciwon nan mai karya jiki da gajiyar da ba ta wucewa, wanda likitoci ke kira ME. Ya bar karatu, ya koma gidan iyayensa, yawancin kwanakinsa a kwance. A wannan zaman ne ya fara haɗa waƙa. Da ya ɗan farfaɗo sai ya shiga wani shiri mai suna Beatbox da aka tanada don makaɗa marasa aikin yi, inda ya haɗu da Stuart David mai kaɗa jitar bes. Su biyun da tallafin marasa aikin yi na gwamnati suke rayuwa. A gefe guda, kwalejin Stow tana da kwas na kasuwancin kiɗa ƙarƙashin Alan Rankine, tsohon ɗan ƙungiyar Associates, kuma kowace shekara ɗaliban kan zaɓi wani mawaƙi su fitar masa da waƙa ɗaya a ƙaramin kamfanin kwalejin, Electric Honey, don su koyi sana'ar a aikace. Waƙoƙin Murdoch sun yi yawa kuma sun yi kyau, aka ce a yi kundi sukutum. Ya bi shagunan shayi na yammacin birnin yana tsinto abokan aiki, aka shiga sutudiyon CaVa, cikin kwana uku aka naɗe komai. Shi kansa wurin kwanansa a saman zauren cocin Hyndland yake, inda yake aikin kula da ginin yana kuma rera waƙa cikin mawaƙan cocin. Gwamnati ta ciyar, kwaleji ta biya sutudiyo, coci ta ba da ɗaki. A watan Oktoban wannan shekarar ta 1996 gwamnatin Birtaniya ta sauya tsarin tallafin zuwa wanda ke tilasta wa mutum ya riƙa kawo shaidar cewa yana neman aiki. Da ƙyar suka sha kafin a ja ƙofa.

Kundi na biyu, If You're Feeling Sinister, ya fito a Nuwamban shekarar a kamfanin Jeepster, wato kundi biyu cikin wata shida. A ganina ba su sake yin kamarsa ba, kuma dalilin yana cikin yadda Murdoch ke rubutu. Mutumin da ya daɗe a kwance yana kallon duniya ta taga ya koyi lura da mutane. Waƙoƙinsa gajerun labarai ne masu jarumai da sunayensu: 'yar makaranta mai mafarkin dawakai, 'yan tseren da kowa ke sha'awa a filin wasa, tsohon manjon soja da saurayin da ba sa fahimtar juna, yarinyar da ta je wurin limamin coci da tambayoyi ta dawo hannu rabbana. Waƙa kan fara da murya da jita ta katako kawai, sai ganga ta shigo a hankali, sai babban gogen Isobel Campbell daga ƙasa, sai ƙahon Mick Cooke ya ɗauki karin a inda wata ƙungiyar za ta saki jita mai ƙara. Daɗin karin kan rufe wa mai sauraro ido, sai a ji na uku ko na huɗu ya gane cewa maganar da ake yi mai ɗaci ce, wani lokaci ma da mugunta a ciki. Ga kuma addini, wanda a duniyar mawaƙan Birtaniya ta lokacin abin ɓoyewa ne, shi kuwa yana ambatonsa ba kunya ba wa'azi.

Sai suka ƙara da ɓuya. Murdoch ya ƙi hira da 'yan jarida. In an nemi hoton ƙungiya, sai a aika na wasu abokansu. Bangon kowane kundi hoto ne mai launi ɗaya, ja ko kore, wanda yawanci shi ya ɗauka, a baya kuma ɗan labari. Yawancin waƙoƙin da suka fitar a ƙananan faifai uku na 1997 ba su saka su cikin kundi ba, don kada mai saye ya biya sau biyu. Wasanninsu kaɗan ne, a coci ko zauren gari, kuma sau da yawa a hargitse: a yi waƙa ɗaya, a tsaya musayar kayan kiɗa, muryar ba ta kai bayan zaure. Masoya suka ɗauki wannan duka a matsayin aƙida. Tigermilk ya ƙare a kasuwa, aka riƙa kwafarsa a kaset hannu da hannu, na asalin kuwa ya kai ɗaruruwan fam. Masoyan suka sami juna ta intanet tun tana sabuwa, suna shirya haɗuwa a lambunan shaƙatawa.

Ƙarfin waɗannan masoya ya bayyana a 1999, lokacin da aka ba ƙungiyar kyautar Brit ta sabbin taurari, bayan ta riga ta fitar da kundi uku. Jama'a ne ke zaɓe, kuma kowa ya ɗauka ƙungiyar Steps ce za ta lashe. Furodusanta Pete Waterman ya yi ƙorafin an yi aringizon ƙuri'u ta intanet. Mutum biyu kawai daga Belle and Sebastian suka je karɓar kyautar. A Afrilun shekarar suka kama wani sansanin hutu na bakin teku a Camber Sands suka yi bikin Bowlie, inda makaɗa da 'yan kallo ke kwana a ɗakuna iri ɗaya. Daga wannan ne bikin All Tomorrow's Parties ya samo tsarinsa.

Amma a daidai lokacin da suna ke tashi, aikin yana sauka. Aƙidar cewa kowa daidai yake da kowa ta shiga sutudiyo, aka fara raba rubutun waƙa da rerawa tsakanin 'yan ƙungiya. Niyya mai kyau ce, sai dai baiwa ba ta san adalci ba. Kundin 2000 ya kai na 10 a jadawalin ciniki, amma an sha wuya kafin a gama shi kuma ana jin wuyar a cikinsa. Stuart David ya tafi a shekarar don ya riƙe tasa ƙungiyar, Looper. Kiɗan da suka yi wa fim ɗin Storytelling na Todd Solondz, 'yan mintoci kaɗan aka ɗauka. Isobel Campbell ta ajiye aiki a tsakiyar rangadin Amurka a 2002. Har a fim ɗin High Fidelity an mai da su abin ba'a: ma'aikacin shagon faifai ya shigo ya ji waƙarsu, ya cire kaset ɗin ya sa mai motsa jiki. Ƙungiyoyi da yawa na wannan al'ada a irin wannan gaɓa suke watsewa, a kuma yaba musu cewa sun mutu da mutuncinsu.

Su kuwa sai suka yi abin da dokokin nan ba su yarda da shi ba. Suka koma Rough Trade, suka ɗauko Trevor Horn, furodusan da ya gina Frankie Goes to Hollywood da Seal, mutumin da sunansa ke nufin ƙyalƙyali da tsada. Kundin Dear Catastrophe Waitress na 2003 ya fito tas, kowane kayan kiɗa a wurinsa, muryar Murdoch a gaba, har ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Mercury. Suka koyi wasa a dandali, suka fara hira da jarida, Murdoch ya fara rawa yana jawo 'yan kallo su hau su taya shi. The Life Pursuit, wanda Tony Hoffer ya naɗa a Los Angeles, ya kai na 8 a 2006, kuma a Yulin shekarar suka cika filin Hollywood Bowl tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin.

Wasu tsofaffin masoya sun ce an sayar da su. Ban yarda ba, kuma shaidata daga wurin Murdoch take. Ya sha nuna cewa bai gamsu da yadda aka naɗi kundin Sinister ba, shi ya sa a 2005 suka kaɗa shi daga farko har ƙarshe a zauren Barbican na Landan suka fitar da wannan naɗin. Wato raunin sautin da masoya suka mayar alamar tsarki, shi a wurinsa rashin kuɗi ne da rashin ƙwarewa da ƙarancin lokaci. Wanda ya yi shekara bakwai a kwance ba ya ɗaukar rauni abin ado. Duk da haka masu ƙorafin ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Da lafiya ta samu, duniya ta buɗe, mutanen nan na cikin waƙoƙi suka fara ɓacewa, aka koma ga soyayya da nasiha irin wadda kowa zai iya rubutawa. Kunne ya ƙaru, ido ya ragu. Sai a 2015, a waƙar "Nobody's Empire", ya fuskanci ciwonsa kai tsaye, kuma ita ce mafi nauyin abin da ya rubuta cikin shekaru masu yawa. Sunan waƙar ya kuma ba littafin ƙagaggen labarinsa na 2024.

Abin da bai canja ba shi ne mu'amala da jama'arsu. A gida Birtaniya ba su taɓa zama 'yan babban kamfani ba. Kamfanin Matador ne ke fitar da su yanzu. Da cinikin faifai ya mutu, masoyan nan ne suka zama jari. Kuɗin fim ɗin Murdoch, God Help the Girl, na 2014, wani ɓangarensa karo-karon masoya ne. A 2019 suka maimaita bikin Bowlie a kan jirgin ruwa daga Barcelona zuwa tsibirin Sardiniya, sai dai tikitin wannan karon ba na mai karɓar tallafi ba ne. Ɗaliban 1999 sun zama masu albashi. Annobar korona ta hana su zuwa Amurka naɗin sabon kundi, suka gyara wurin atisayensu na Glasgow ya zama sutudiyo, suka fito da kundi biyu daga zama ɗaya, A Bit of Previous a 2022 da Late Developers a Janairun 2023. Waƙar da suka sa a gaba a na biyun, sun rubuta ta ne tare da wani matashin marubucin waƙoƙi daga wajen ƙungiyar, Pete Ferguson, cike take da kiɗan na'ura da amshi irin na rediyo, kuma da an saka ta tsakanin waƙoƙin Steps a 1999 ba lallai Pete Waterman ya tsargu ba.