Daga Kamanci Zuwa Majigi: Nazari a Kan Rabilu Musa Ibro

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanin 'yan kama, wato masu tsayawa a dandali su ba jama'a dariya da fatar baki, suna kwaikwayon karatun malamai suna mai da shi zancen tuwo da miya. Tun a 1967 Gidley ya yi rubutu a kan wannan sana'a. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa kamanci bai mutu ba, sauya riga ya yi, kuma wanda ya fi kowa sanya sabuwar rigar shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ibro.

2.0 Rayuwarsa a Taƙaice

An haife shi a 1971 a jihar Kano. Ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo gaba ɗaya. A 2008 kotu ta ɗaure shi a Kano dangane da fim ɗin Ibro Aloko, a lokacin da hukumar tace finafinai ta tsananta wa 'yan wasa. Tsohon mai tsaron gidan yari ya kwana a ciki. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014.

3.0 Ɗan Kama Cikin Rigar Tauraro

Abin lura na farko shi ne sunayen finafinansa: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam. A ƙa'idar wasan kwaikwayo ɗan wasa yakan ɓace cikin wanda yake kwaikwayo. Ibro kuwa ba ya ɓacewa. Ko ya yi rawar Awilo, ko ya ɗaura rawani da gemu, mai kallo ya san Ibro ne yake gani, kuma daga wannan sani dariyar take fitowa. Haka ɗan kama yake: idan ya buɗe baki da muryar malami, ba wanda ya ɗauke shi malami.

A nan ne ƙarfinsa yake, a nan ne kuma rauninsa. Zubi da tsarin finafinan sau da yawa sako-sako ne, domin labari hanya ce kawai ta kai Ibro wurin da zai yi magana. Wanda ya auna su da ma'aunin rubutaccen wasa zai raina su. A ganina ma'aunin ne bai dace ba. Da ma'aunin adabin baka ya kamata a auna su.

Sai dai akwai matsalar da masana harshe ba za su kau da kai daga gare ta ba. Finafinan barkwanci na zamanin Ibro sun dogara ƙwarai da kwaikwayon Hausar waɗanda ba Hausawa ba: sauya ƙ da k, ɗ da d, da cakuɗa jinsin namiji da tamace. A Kano wannan abin dariya ne a kan baƙo. To amma kaset bai tsaya Kano ba. A Jalingo, cibiyar masarautar Muri, wadda ta zama babban birnin Taraba a 1991, Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Fulani da Mumuye da Jukun, kuma irin Hausar da ake yi wa dariya a allo ita ce mai kallo yake magana da ita. Barkwancin gargajiya, kamar na Fulani da Barebari, yana da sharaɗi: wanda aka zolaya yana da damar ramawa nan take. Majigi bai ba mutumin Jalingo wannan dama ba.