Wai Don Araha Suke Ɗura Harsashi a Gida

A filayen harbi na Amurka, da an tsagaita wuta sai ka ga ƙato ya duƙa yana tsince kwanson harsashi ɗaya bayan ɗaya. Gida zai kai ya wanke, ya sa sabuwar firaima, ɗan maɓallin nan na gindi mai tayar da wuta, ya auna albarushi, ya matse sabuwar dalma a baki. Tambaye shi dalilin wannan wahala, amsa ɗaya ce: wai araha.

Wace arahar?

Lissafin nasu akwai daɗin ji. Kwanson tagulla ne ya fi tsada a jikin harsashi, kuma yana jure ɗuri sau da yawa. Abin da ba ya shiga lissafin shi ne injin matsi na RCBS ko Lee, da sikeli, da injin wanke kwanso, da littafin awo, da ƙarafan matsi na daban ga kowane girman harsashi. Kafin a ɗura na farko ɗaruruwan daloli sun tafi. Ba a jimawa kuma gogan zai fara ƙorafin injin ba ya sauri, ya sayo injin Dillon mai fitar da ɗaruruwa a awa guda. Duk dai cikin neman arahar ne.

Ga shi wanda harsashi ya zo wa da sauƙi ba ya ajiye rarar, ƙara harbi yake yi. Mai harba kwali biyu ran Asabar sai ya koma shida, uwargida tana jiran canjin da aka yi mata alkawari.

Shekarar 2020 ta tona asiri. Da korona ta sa jama'a rububin sayen bindiga, kamfanoni suka karkatar da firaima wajen haɗa nasu harsasan. Guda dubu da ake saya kusan dala 30 ta kai dala 100, in ma an samu. Masu cika bakin sun daina dogaro da kanti su ne a gaban layi. A harsashi gama-gari irin 9mm ma, bambancin kuɗin na gida da na kanti bai wuce 'yan santi ba, kafin a sa kuɗin zaman dare a gareji. In kuma gyangyaɗi ya sa aka zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, bindiga na iya tarwatsewa a hannu, kuma kamfanoni irin Glock ba sa ɗaukar asarar harsashin gida.

A ba su haƙƙinsu dai. Mai tsohuwar bindigar da aka daina yi wa harsashi ba shi da wata mafita, kamar maharbinmu mai bindigar toka da ke ɗura kowane harbi da hannunsa. Mai harbin nesa kuwa yana samun daidaiton da na kanti ba ya bayarwa. Gwaje-gwajen ɗurin gida na Elmer Keith, makiyayin jihar Idaho, su suka kai kamfanonin Remington da Smith & Wesson ga fitar da harsashi da bindigar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Shi ma sai da ya fasa wata bindigar Colt a hannunsa tun yana saurayi. A sa kuɗinta a lissafin arahar.