Jinjina ga masu zanen kaɗaici

Masu zane da yawa sun iya fito da teku ko daji a kan allo, amma kaɗan ne ke iya sa mai kallo ya ji kewa ta lulluɓe shi. Masu zanen Turai na ƙarni na 19 sun ƙware a wannan, kuma a ganina babu wanda ya kamo ƙafar Bajamushen nan Caspar David Friedrich, wanda ya rasu a Dresden a 1840.

Dubi zanensa na wani malamin coci a bakin teku, wanda aka baje kolinsa a Berlin a 1810. Mutumin ɗan mitsitsi ne, yana tsaye kan farin yashi, ya ba mu baya. Gabansa ruwa ne baƙi ƙirin, sararin sama kuwa ya cinye yawancin allon. Binciken na'ura ya nuna da farko har da jiragen ruwa ya zana, daga baya ya shafe su. A nan gwanintar take: ya hana ido wurin sauka, ya bar ɗan Adam shi kaɗai gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Friedrich ya san baƙin ciki tun yana ƙarami, domin yana ɗan shekara 13 ƙanƙara ta rufta da ƙanensa, ya nutse a kan idonsa.

A Rasha ma Isaac Levitan ya cancanci yabo da zanensa na hanyar Vladimirka a 1892. Turba ce kawai a fili fetal, amma mutanen zamaninsa sun san ta nan ake tasa ƙeyar fursunoni a ƙafa zuwa Siberiya, don haka bai buƙaci zana ko sarƙa ɗaya ba.