Bayan An Sauke Kaya

Jama'a, kwanan nan muka sake ɗauko littattafan nan uku da muka tashi da su, watau Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukansu sun fito daga gasar da Dr. R. M. East ya sa a Zariya cikin 1933. Daɗin Hausarsu ba mai musu. Amma da muka karanta su a jere sai muka lura da wani abu. Kowannensu labarin matafiyi ne, kowannensu kuwa da matafiyin ya iso ƙofar gari sai tawada ta ƙare.

Dubi Alhaji Imam. Ya sha duniya, ya sha wasa da Malam Zurƙe, ya komo Kwantagora da ruwan, aka warkar da ɗan Sarki, shi ke nan sai zaman daula. Ganɗoki ya komo ya tarad da zamani ya juya, mulki yana hannun Nasara, amma maimakon a nuna mana yadda jarumi ke kwana a garin da takobinsa ba shi da sauran aiki, sai aka zaunad da shi yana ba yara labari. Shaihu Umar shi ya fi kusa da gaskiya, gama bai koma Kagara ba, a Rauta ya yada zango yana karantarwa. Mai littafin ya san wanda aka sace tun yana yaro ba shi da gidan komawa. Sai dai shi ma bai tsaya ya ba wannan magana hakkinta ba.

Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba. Imam da Tafawa Ɓalewa samari ne sa'an nan, ba wanda ya wuce shekara 22, kuma hanyar tatsuniya suka gada, inda komowa gida ita ce ƙurunƙus. Amma a zaman duniya nan ne labari ke farawa.

A tambayi mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙasar auduga da dawa da masara. Ƙasar Hausa duka ta san matafiya iri iri: masu zuwa Makka a ƙasa, su shekara da shekaru a Sudan, da sojan da suka komo daga Bama cikin 1946, da samarin baya da suka nufi Libiya da Saudiya neman kuɗi. Malam Sa'adu Zungur ya yi wa sojan waƙar Maraba da Soja, ya kuwa kyauta. To, amma maraba ta kwana uku ce. Ran na huɗu fa?

Ran na huɗu mutum ke jin tsoho ya rasu, an raba gandu, gonarsa tana hannun jingina. Watakila matarsa ta gaji da jira, alƙali ya raba aure. Kowane ɗan'uwa yana sauraron tsaraba, abin da aka tara cikin shekara bakwai ya narke kafin kaka. Hannu ya manta fartanya, kunya ta hana shi zuwa ƙodago. In ya kawo shawara a ƙofar dagaci a ce ra'ayin waje ne, in ya yi shiru a ce girman kai. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan bawan Allah ba raɓa ba ne da zai tashi da hantsi, ba a kuwa yarda shi kaba ne ba.

Wani nauyin kuma ya ƙaru. Ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a shekarun nan kuwa ƙauyuka da yawa na gefen daji suka watse, gonaki suka koma saura. Ashe akwai wanda ya komo da guzurinsa ya rasa garin da zai sauke shi.

Saboda haka muna roƙon masu alƙalami na wannan yanki, kada su ƙara kai mu ƙasar aljannu. Su fara littafi daga ranar da aka sauke kaya, su bi mutumin har daminarsa ta fari, mu ga ko shuka za ta karɓe shi. Yaron da ke shirin fita ya karanta ya san kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na gida kuma su koyi yadda ake buɗe wa nasu wuri.

Allah ya ba mu mai rubuta shi. Amin.