Faifai Na Biyu Da Noman Maimai: Tsokaci A Kan Faɗuwar Mawaƙi Da Tashinsa

Masu sharhin kiɗa a ƙasashen Turai sun daɗe suna cewa mawaƙi yakan kwashe shekarun ƙuruciyarsa duka yana tanadin faifansa na farko, amma 'yan watanni kaɗan ake ba shi ya fito da na biyu. Manufar wannan tsokaci ita ce a duba ko maganar ta shafi mawaƙin Hausa, musamman na karkarar arewacin Kano, wato ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir. In kuwa ta shafe shi, to tun yaushe, kuma mene ne aikin manazarci a cikinta?

Ya kamata mu fara daga inda al'amarin ya samo asali. Ƙungiyar U2 ta ƙasar Ailan ta fitar da faifanta na farko a 1980, ya sami karɓuwa. A 1981, suna cikin yawon wasa a Amurka, jakar da jagoransu Bono ya tara baitocinsa a ciki ta ɓace a garin Portland, ba a mayar masa da ita ba sai a 2004. Ga shi kuwa lokacin ɗaukar faifai na biyu ya matso. Haka ya shiga ɗakin ɗaukar murya yana ƙaga kalmomi nan take, aka sami faifan October, wanda bai kai inda aka zata ba. Sai a 1983 suka fito da War, ya hau matsayi na ɗaya a Ingila. Ita kuwa ƙungiyar Weezer ta Amurka, faifanta na biyu, Pinkerton, na 1996, masu karanta mujallar Rolling Stone sun sa shi cikin mafi muni na shekarar. Ƙungiyar ta yi shiru har 2001 kafin ta farfaɗo. Abin mamaki shi ne, a 2004 mujallar nan ta sake duba faifan da aka kushe, ta ba shi yabo mafi girma.

Waɗannan misalai biyu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake akan haɗa su a kwando guda. Na farko aiki ne da gaggawa ta raunana. Na biyu aiki ne da ya riga kunnen masu sauraro isowa. Abin da ya haɗa su shi ne, da zarar an buga faifai ba shi gyaruwa. Mawaƙin da ya yi tuntuɓe ba shi da wata hanya sai ya jira shekara biyu ko biyar ya sake wani sabo.

To, a nan ne tsarin waƙar baka ta Hausa ya sha bamban. Mu ɗauki makaɗin noma. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yadda ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta cika da jama'a har ba a barin gona ta huta. Kowace damina sai an nome ta, ana riƙe ƙarfinta da taki, har da wanda jakuna suke ɗaukowa daga cikin birni bayan sun sauke itace. A irin wannan wuri, inda gona ke jingine da gona, gida ke hangen gida, makaɗi ba ya samun baƙin masu sauraro. Waɗanda ya yi wa kiɗa a gayyar bara su ne zai tarar a ta bana, sun kuwa riƙe abin da ya faɗa. Ta wannan fuska matsin da yake ciki ya fi na mai faifai, domin shi ba shi da wani gari da zai kai tsohon kaya ya sayar da sunan sabo.

Amma kuma yana da abin da mai faifai ba shi da shi. Hukuncin waƙarsa a gabansa ake yanke shi. In ɗan waƙa ya zauna daidai, sai a ga garma ta ƙara sauri, gwarzon da aka ambata ya yi kirari ya tsere wa sa'o'insa a kan kunya. In bai zauna ba, ba wanda zai ce masa uffan, jiki ne kawai zai yi sanyi, 'yan amshi su karɓa ba da karsashi ba. Makaɗin da ya san aikinsa ba ya jiran wata shekara. Gindin waƙar yana nan, sai ya zubar da ɗiyan da suka mutu, ya ɗaura wasu. Tsakanin noman farko da maimai 'yan makonni ne, kuma a cikinsu waƙar da ta faɗi takan miƙe. Bayan girbi ga rani, lokacin biki da dambe da kasuwanni, inda yake tsintar sababbin maganganu. Ba banza ba ne Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka fara da kiɗan noma kafin su shiga fada. Kowa ya san kuma Bakandamiyar Mamman Shata ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba a samun rerawa biyu da suka zo daidai ɗa bisa ɗa. Ko da kamfanin EMI ya ɗauki waƙoƙinsa a faifai, faifan bai zama ma'aunin Shata ba. Dandali ne ma'auninsa.

Ke nan ciwon faifai na biyu baƙo ne a ƙasar Hausa. Ya shigo ne sosai bayan da fiyano da sutudiyo suka kafu a Kano a ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar waƙoƙin fim, daga baya mawaƙa suka soma fitar da kundin waƙoƙinsu da sunan kansu. Yaron da ya taso daga wani ƙauyen Bichi ya zo birni ya biya kuɗin sutudiyo yakan zo da guzuri: karin maganar kakarsa, habaicin 'yan matan dandali, wata soyayya da ta ƙi. Da wannan yake yin aikin farko, shi ya sa akan ji shi da ɗanɗano. In aikin ya karɓu, sai gayyatar biki ta yi yawa, masu kuɗi su nemi a yi musu irin waccan, mai kiɗan sutudiyo ya sake ɗora masa kusan sautin da ya yi nasara. Aiki na biyu sai ya fito kamar kwafin na farko da aka wanke. A yau ma da kundi ya ja baya, waƙa ɗaya-ɗaya ta mamaye YouTube da TikTok da shagunan masu tura waƙa a waya, wa'adin ya ƙara gajarta. Bayan irin tashen da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta yi a 2020, duk yaron da waƙarsa ta yi ɗan motsi, ba a ba shi ko wata guda kafin a soma tambayar ta gaba.

Ba ina cewa a koma gayya ba ne. Ita kanta gayyar ta ragu ƙwarai, ƙwadago da shanun huɗa da maganin feshi sun ci rabonta. Abin da nake nufi shi ne, mawaƙin sutudiyo ya gaji matsin makaɗin noma, bai gaji hanyarsa ta gyara ba. A ganina, wanda ya farfaɗo daga cikinsu shi ne wanda ya gwada sabuwar waƙa a gaban jama'a, a gidan biki ko taro, kafin ya kulle ta a na'ura.

Saura laifinmu, mu manazarta. Tun daga kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata a 1975, zuwa ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau da suka ba mu ma'aunin turke da salo da zubi da tsari, an yi aiki mai yawa, ba mai musun haka. Sai dai ɗalibanmu sun mayar da nazari yabo. Kowa fitacciyar waƙa yake zaɓa, ya juye ta daga kaset ɗaya, ya kira ta matani, ya shiga lissafin adon harshe. Waƙar da ta faɗi ba ta shiga kundin digiri, alhali kuwa a wurinta ne ake ganin abin da mawaƙi ya jefar da abin da ya riƙe, wato hankalinsa na mai fasaha. Ɗalibin da ke neman batu zai iya samun makaɗi ɗaya a ƙasar Ɗambatta ko Makoɗa, cikin waɗanda suka rage, ya ɗauki waƙa ɗaya daga bakinsa a noman farko, ya koma ya ɗauke ta a maimai, ya sake komawa damina mai zuwa. Sa'an nan ya jera matanin uku, ya ƙirga ɗiyan da suka ɓace, ya zauna da makaɗin da 'yan amshinsa ya tambaye su dalili.